Layin da Na Ƙara a Wasiƙar Kawu

Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi, a wani asibiti a Lyon, a Faransa. Ina biro, wato ofishinmu a Bobigny kusa da Paris, aka kira ni. Kafin jirgin ƙasa ya sauke ni, in kama jiragen cikin gari, metro da taram, zuwa unguwar Minguettes, takalman masu gaisuwa sun riga sun cika ƙofar gidansa har sun gangara kan matakala. A hawa na tara yake zaune, kuma ranar na'urar hawa bene ta lalace kamar yadda ta saba, amma tsofaffi masu ciwon gwiwa suka hau da ƙafa.

Matan zumunta na majami'armu sun kama ɗakin girki, suna rera waƙa ƙasa-ƙasa suna yanka albasa. A falo kuwa ƴan kasuwa ne, mutanen Damagaram da Cadi da Garwa, kusan dukansu Musulmi, sun ture kujeru gefe sun zauna a kan darduma. Duk wanda ya gan ni sai ya ce, "Ya muka ji da haƙuri? Allah ya ba ku dangana." Alhaji, maƙwabcin Kawu na hawa na takwas, mai shigo da atamfa, ya kasa ma ƙarasa gaisuwar. Ya riƙe hannun rigarsa yana share ido, yana cewa, "Shekara ashirin da ɗoriya, ɗiyata, bai taɓa wuce ƙofata bai tsaya ba. Ko yana sauri sai ya ƙwanƙwasa ya ce yana sauri."

Da la'asar dattijon majami'a ya miƙe ya yi magana. Ya ce Kawu jarumin bangaskiya ne, ya faɗi gaskiya lokacin da kowa ya kama bakinsa, an tsananta masa a wurin aiki bai ja da baya ba. Mata suka amsa da amin. Na fita baranda in sha iska, sai na tarar da ƴaƴan maƙwabta, waɗanda aka haifa a nan, suna tasu hirar. Wata ta ce, tana nufin Kawu, "Tonton yana da kirki, hein, mais franchement, a kan wannan maganar ya tsufa."

Na ji dukansu, kuma raina ya ɓaci da dukansu. Kowa ya yanki gefen Kawu da ya yi masa daɗi ya riƙe. Mutumin da ya fi kowa saninsa ba ya cikin gidan, ba ma wanda ya tuna a gaya masa. Da hannuna a cikin rashin zuwansa, shi ya sa nake rubuta wannan.

Kawu yayan mahaifiyata ne, Bagobiri, daga wani ƙauye kusa da Tsibiri. Iyayensu sun karɓi addinin Kirista tun zamanin ƴan mishan, amma rabin dangi Musulmi ne, don haka ya tashi yana cin naman layya a gidan baffansa, su kuma suna cin shinkafar Kirsimeti a gidansu. Ya zo Faransa da ƙuruciya, ya sami aiki a kamfanin da ke kula da lambunan gari, yana aske itatuwa, yana dasa furanni a mararraba. Matarsa ta rasu kafin in zo, Allah bai ba su haihuwa ba. Da na iso karatu a farkon shekarun dubu biyu, sai ya kwashe buhunan irinsa daga ƙaramin ɗaki ya ce nan ne nawa. Tun ranar bai kira ni da sunana ba, sai "ɗiya".

Ba ya iya wuce itacen da aka sare da ganganci. Muna tafiya kasuwa sai ya tsaya cak, ya ɗaga kai ya dubi reshe, ya girgiza kai ya ce, "Wanga ba aiki ba ne, hushi ne." Haka yake faɗa wa duk abin da aka yi ba da natsuwa ba. Ya faɗa wa kitsona, ya faɗa wa tuwona na farko, har wa'azin wani fasto baƙo ya faɗa wa, muna kan hanyar komawa gida.

Gaisuwarsa kuwa sai wanda ya shirya. Da na koma Paris aiki, idan ya kira ni nakan ajiye wayar a kan tebur in ci gaba da abin da nake yi, ina jefa "lahiya lau" lokaci-lokaci. Zai tambayi kwanana, da gajiya, da sanyi, da mutanen biro, da shef, wato shugabanmu mai tari, da matar da ke sayar mani da burodi. Sau da yawa sai mun gama ya kashe, sannan ya sake kira don ya manta abin da ya sa ya kira.

Faransancinsa na bakin aiki ne, yana isarsa. Karatu kuwa a hankali yake yi, da yatsa a kan layi, rubutu kuma bai yarda da hannunsa ba. Duk wata takarda ni ke rubuta masa. Yakan faɗa da Hausa, in mayar da Faransanci, ya sa hannu. Nakan ce, "Kawu, ka karanta mana kafin ka sa hannu." Sai ya ce, "Ke ba ɗiyata ba ce? In karanta mi?"

Yana da aboki ɗaya da ya fi ɗan'uwa, Bafaranshe, abokin aikinsa tun farkon zuwansa. Gajere ne mai katon gashin baki, ba ya zuwa majami'a, ba ya yarda da kome sai ƙungiyar ma'aikata da tumatir. Saboda yawan iyayinsa a kan shuka Kawu ya naɗa shi Sarkin Noma, sunan kuma ya bi shi har matarsa ta iya faɗa. Shi kuma yana kiran Kawu "Pasteur", wato fasto, don Kawu ba ya kai loma baki sai ya rufe ido. Na sha ganinsu: Kawu yana addu'a, Sarkin Noma ya ɗaga cokali sama yana jira, yana gunaguni cewa miya za ta huce.

Garka ɗaya suke nomawa, irin ƴan filayen da ake ba ma'aikata a bayan gari, famfo ɗaya, tiyo ɗaya, bukkar kayan aiki ɗaya. Sarkin Noma yana shuka tumatir da albasa mai lawashi, Kawu yana fama da yakuwa da kuɓewa, waɗanda sanyin Lyon bai taɓa yi musu adalci ba. Shekarar da kuɓewa ta yi ƴaƴa bakwai, Sarkin Noma ya jera su a kan faranti ya ɗauke su hoto. A garkar nan na ci mafi yawan Asabar ɗin shekarun karatuna, ina zaune kan bokiti ina bitar darasi, su biyu suna gardama a kan taki. Ina jin kewar waɗannan ranakun har yanzu, har ƙamshin ganyen tumatir.

An ba ni labari cewa da matar Kawu ta rasu, Sarkin Noma ya tambayi Alhaji abin da ake yi a wurinmu. Aka ce ana zaman makoki. Sai ya ɗauki hutu, ya zo ya zauna kwana uku a kan darduma, gwiwoyinsa suna ciwo, ba ya jin ko kalma ɗaya ta abin da ake faɗa.

Sarkin Noma yana da ɗa guda, wanda Kawu ke kira Yarima, tunda ubansa sarki ne. A gaban Kawu ya girma. Kawu ya koya masa cin yaji, ya koya masa riƙon hauya, shi kuma yana ce masa Tonton, wato kawu da Faransanci. Da ya zama mutum ya koma Paris, yana zaune da wani namiji abokin zamansa. Kawu ya sani. Ya sani irin sanin da mutanenmu ke yi wa abu su yi shiru. In Yarima ya zo hutu, Kawu zai dafa masa dambu, ya ƙulla wani a leda ya ce, "Ka kai ma abokinka."

Sai shekarar da aka kawo dokar auren jinsi ɗaya. Duk wanda yake Faransa lokacin ya san yadda ƙasar ta ɗauki zafi. Radiyo maganar ke nan, tele maganar ke nan, wasu sun cika titi suna so, wasu sun cika titi ba sa so. Abin da ya faru da Kawu ya faru ne a bukkar da ma'aikatan lambu ke cin abincin rana. Ya ba ni labarin sau da yawa, ko sau ɗaya bai canza ba.

Radiyo na kunne, ana muhawara. Wani matashi a cikinsu, mai son tsokana, ya juyo ya ce, "Kai fa, Pasteur, me ka ce?" Kawu ya ce abinci yake ci. Matashin ya nace, sauran suka sa baki, aka ce ai ƙasar ƴanci ce, kowa ya faɗi ra'ayinsa. Sai Kawu ya ajiye cokali ya ce, a bangaskiyarsa aure tsakanin namiji da mace ne, abin da ya karɓa ke nan, abin da zai mutu a kai ke nan, amma ba shi ke yi wa ƙasa doka ba kuma ba ya ƙin kowa.

Sarkin Noma ya miƙe, ya zaro wani farin kati daga aljihun rigar aikinsa, ya ajiye a gaban Kawu, ya fita. Katin gayyata ne. Yarima da abokin zamansa sun sa ranar aure, suna jiran doka ta tabbata. Kwana uku uban yana yawo da katin a aljihu, yana neman yadda zai ba Kawu.

Daga ranar Kawu ya zama baƙo a wurin da ya yi shekaru yana aiki. In ya shiga bukka sai a ɗauke kwano a koma waje. Wani ya rubuta zagi a ƙofar akwatin kayansa. Shef ya kira shi biro ya ce addininsa ya bar shi a gida, ya raba shi da Sarkin Noma, ya tura shi share ganye a wata unguwa shi kaɗai. Ranar Asabar da ya je garka, ya tarar an kafa turaku biyu an ja igiya ta raba filin gida biyu.

Namu mutanen ma ba su bar shi ya huta ba. A majami'a aka fara nuna shi da yatsa cikin alfahari, dattijo ya ce za a cika mota a tafi Paris zanga-zanga, lalle Kawu ya shiga gaba. Kawu ya ce, "Tambayata anka yi, na amsa. Ban da wani ihu da zan kai Paris." Wasu suka ce ya ji tsoro. A shagon Alhaji kuma wani ɗan kasuwa ya riƙe hannunsa yana yaba masa, sannan ya shiga zagin masu irin wannan zama da munanan kalmomi. Alhaji ya ce bai taɓa ganin Kawu ya fusata haka ba. Kawu ya fizge hannunsa ya ce, "Yaron da kake zagi cikin akushina ya ci tuwo. Ka sake, ni da kai sai gaisuwa." Ya fita ya bar shayinsa.

Ni kuwa na zo daga Paris a ƙarshen mako da faɗa a bakina. Ban ko ajiye jaka ba na ce, "Kawu, nan fa ba Tsibiri ba ne! Wa ya aike ka? Ka ce ba ka da ra'ayi mana, kamar kowa!"

Abin da ban gaya masa ba shi ne, a biromu ma an yi irin wannan tambayar, ni kuma na yi dariya na ce ban bi labarin ba. Tun makon na tura ɗan gicciyen wuyana cikin riga. Abin da aka koya masa shi aka koya mani, amma ni na iya haɗiye nawa, kuma ina jin haushin wanda ya kasa.

Ya dube ni ya ce, "Ɗiya, zamna ki sha ruwa tukuna." Da na zauna ya ce, "Da ba a tambaye ni ba, da har in mutu ba su ji ba. Amma an tambaye ni, gaban mutane. In ce mi? In ce ban da addini? Abu guda ke cina. Ban san katin na cikin aljihunai ba. Da na sani, da na ja shi waje mun yi magana mu biyu."

Wannan ne ya dame shi, ba zagin akwati ba, ba share ganye ba. Abokinsa yake so ya dawo. Sai ya yi abin da duk dattijon kirki zai yi a garinmu. Wanda ya ɓata wa babban mutum rai ba ya zuwa da kansa, yakan tura manya su ba da haƙuri. Ya roƙi Alhaji da dattijon majami'a. Ranar Lahadi da yamma suka sha manyan riguna, Alhaji har da rawani, suka ƙunshe goro a danyen ganye, suka tafi gidan Sarkin Noma ba tare da sun yi waya ba.

Alhaji in yana ba da labarin, dariya da takaici suke haɗe masa. Matar gidan ta buɗe ƙofa ta ga dogayen mutane biyu cikin riguna har ƙasa, ɗaya da rawani, ɗaya rungume da littafi, suna miƙo mata ƙunshi. Ta ja baya ta ƙwala wa mijinta kira. Dattijo ya fara gabatar da kansa, ya ce shi daga majami'a yake, wannan kuma Alhaji ne. Bai ƙarasa ba Sarkin Noma ya yi ja har kunne. Ya ce, "Wato liman da fasto ya turo mani har gida? Ku yi wa ɗana addu'a ya warke, ko? Shi ba shi da ƙafa ne? Ba shi da baki?" Ya rufe ƙofa. Suka dawo da goronsu, Alhaji yana ta faɗin, "Wallahi, Malam, mutanen nan ba su san girma ba." Kawu ya ce, "Sun sani. Nasu daban ne, ni ne ban tuna ba."

Daga nan ya ce in ɗauko takarda. Muka zauna a teburin ɗakin girki da safe, ya faɗa, ina rubutawa. Ya ce ya yi baƙin cikin ɓacin ran da ya jawo. Ya ce mutanen da ya tura, a wurinmu girmamawa ce. Ya ce Yarima ɗansa ne jiya, ɗansa ne yau, ƙofarsa a buɗe take gare shi da abokin zamansa. Ya ce abin da ya gaskata game da aure ba zai iya canza shi ba, amma yana roƙon kada wannan ya raba su.

Na dubi wannan jimlar ta ƙarshe na ce a raina, wannan ita za ta rushe duk sauran. Ni na yi jami'a, ni na san Faransawa, ni na san abin da kunnensu ke son ji. Sai na bar ta, na rubuta wata a madadinta: na yi tunani, na gane kuskure na yi, na janye abin da na faɗa. Na miƙa masa. Ranar ban ce ya karanta ba. Ya sa hannu, ya yi mani godiya, ya raka ni tashar taram.

Kwana huɗu bayan haka ya kira ni, muryarsa kamar ta yaro ranar salla. Sarkin Noma ya zo garka ya tsinke igiyar da hannunsa, ya rungume shi, har da hawaye. Na ji daɗi, na yaba wa kaina. Mako biyu suka yi kamar da.

Wata Asabar da rana wayata ta yi ƙara. Na ɗauka ina shirin ajiye ta a kan tebur, sai na ji babu gaisuwa. Tun da nake ban taɓa jin Kawu ya fara magana ba gaisuwa ba.

"Ɗiya, mi kinka rubuta?"

Ashe suna hutawa a bakin bukka, Sarkin Noma ya ce masa ba kowane namiji ba ne zai kai wannan shekarun ya ce ya yi kuskure ya canza ra'ayi, kuma ya karanta wa Yarima wasiƙar ta waya, an ajiye wa Tonton kujera a layin gaba. Kawu ya ce a ba shi wasiƙar ya gani. Tana cikin aljihun mutumin. Ya bi ta da yatsa, layi-layi, har ya kai wurin.

Na fara kare kaina. Na ce don shi na yi, na ce ai ga shi sun shirya, na ce ya yi shiru kawai, wa zai sani?

Ya ce, "Ni na sani. Mutumen da ya runguma ba ni ba ne, wani ne kinka ƙera mishi." Sannan ya ce, "Zan gyara. Ke kada ki sa baki. Magana ta ƙare."

Ya je ya gyara, abin da ya gaya mani ke nan, ban kuma tambayi yadda ya yi ba. Igiyar ta koma wurinta. An yi auren Yarima Kawu bai je ba, amma ya aika da dambu ta hannun matar Sarkin Noma, ban san ko ya isa ba. Bai sake tayar mani da maganar ba, ko da wasa. Gaisuwarsa ta dawo da tsawonta. Takardunsa ma ya ci gaba da ba ni ina rubutawa, yana sa hannu ba ya karantawa, wannan kuwa ya fi mani zafi fiye da a ce ya zage ni.

Shekara biyar suka yi a haka. Dukansu biyu sun ajiye aiki a tsakani, amma ba wanda ya bar garka. In na zo hutu na raka Kawu, nakan ga Sarkin Noma a nasa ɓangaren, ya duƙa kan tumatir. Kawu zai tsaya a bakin igiya ya yi masa gaisuwa cikakkiya da Faransanci, ya tambayi kwana, da ciwon baya, da madam, da Yarima, da abokin Yarima. Shi kuma ya ce "Bonjour" bai ɗago ba. Nakan ce a raina, dubi taurin kan Bature, saboda ra'ayi ɗaya ya yar da abota. Hakan ya fi mani sauƙin tunani, sai na tsaya a nan.

A wurinmu ba a gaya wa aminin mamaci rasuwa ta waya, da ƙafa ake zuwa. Ranar Alhamis da safe, ana saura kwana biyu jana'iza, na bar masu makoki na tafi garka. Yakuwar Kawu ta yi ja, ba wanda ya tsinke. Sarkin Noma yana can, gashin bakinsa ya yi fari fat. Da ya gan ni ni kaɗai cikin baƙaƙen kaya, ya miƙe ya cire hula kafin in buɗe baki.

Na gaya masa. Ya tambayi ko ya sha wahala, na ce kaɗan. Na juya zan tafi, sai na ji ba zan iya ba. Na ce, "Monsieur, ina so in nemi gafararka a kan wasiƙar nan. Na san Kawu ya gaya maka ni na ƙara layin, amma ban taɓa zuwa da kaina ba."

Ya dube ni kamar bai ji ba. Ya ce, "Ke kika yi me?"

Na sake faɗa, na ba shi labarin teburin ɗakin girki, da jimlar da na cire, da wadda na sa.

Ya laluba bokiti ya zauna. Ya daɗe yana juya hular a hannunsa. Sannan ya ce, "Bai ce ke ba ce. Ya zo nan ya tsaya ya ce, wasiƙar tawa ce, ni na sa hannu, akwai ƙarya a ciki. Na tambaye shi ko wani ne ya rubuta masa haka. Ya ce shi ke da alhakinta, shi kaɗai."



Ya ce, "Kina tsammani ra'ayinsa ne ya raba mu? Na san ra'ayinsa tun kafin a yi mafarkin dokar nan. Mutum ne da ke addu'a a kan gutsuren burodi. Na yi fushi, gaskiya ne, ɗana ne, kuma har gobe ina ganin bai yi daidai ba. Amma da na huce. Ɗan nawa da kansa ya ce mani, Papa, ka bar Tonton, haka yake. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne a ce mutumin da bai taɓa yi mani ƙarya ba ya zauna ya tsara mani ita a takarda, ya bar ni na rungume shi, na kira ɗana ina kuka."

Ya nuna ɓangaren Kawu da hular.

"Shekara biyar yana can, taku uku daga nan, kullum yana tambayata yadda na kwana. Ke kina ina, madam?"

Ina Paris, tafiyar awa biyu a jirgin ƙasa.

Ranar Asabar ya zo makabarta, shi da matarsa, da Yarima da mijinsa. Alhaji ya matsa ya ba su wuri a gaba. Da aka zo ɗaukar akwatin gawa, Sarkin Noma ya kama gefe ɗaya ba tare da ya nemi izinin kowa ba, ga tsufa ga ciwon baya. Bai gaishe ni ba, ban kuma ga laifinsa ba.

Kawu, ka rufa mani asiri da abin da ya fi kome tsada a wurinka, ni kuma na yarda na fake a bayanka har ka tafi. Ubangijin da ka ƙi musunsa a gaban mutane ya karɓe ka, ya ba ka hutawa. Abokinka ya sani yanzu, amma ya sani a makare, kuma ni na makarar da shi.